Kurakuran da masu tafiyar ƙasaita ke yi a Biyetnam, da yadda za a kauce musu

Yawancin waɗanda suka ware kuɗi masu kauri don su je su ga Biyetnam tun a gida suke ɓata tafiyar, a ranar da suka zauna da kamfanin shirya tafiye-tafiye. Za a miƙo takarda ɗauke da Hanoi, Sapa, Ha Long, Hue, Hoi An, birnin Ho Chi Minh da kogin Mekong, duk a cikin kwana takwas, mutum ya ga ai ya tsinci dami a kala. Ƙasar siririya ce amma doguwa, kusan kilomita 1,650 daga arewa zuwa kudu. Jirgin ƙasa daga Hanoi zuwa Ho Chi Minh yana cin fiye da awa 30, na sama kuwa kimanin awa 2. Wanda ya cusa wurare bakwai a kwana takwas, filayen jirgin sama zai fi sani. Idan kwana goma ne a hannunka, yanki biyu sun isa. Arewa da tsakiya sun fi dacewa da mai neman tarihi.

Sai zaɓen lokaci. Biyetnam ba yanayi ɗaya gare ta ba. A Janairu mutanen Hanoi na cikin rigunan sanyi, na Ho Chi Minh suna gumi. Tsakiyar ƙasar kuwa a Oktoba da Nuwamba ruwa yake sauka da ƙarfi, har kogin Thu Bon ya kan cika ya shiga titunan tsohon garin Hoi An, kuma tsadar otal ba ta hana wannan. Hazo kan rufe tsibiran Ha Long a Fabrairu zuwa Maris. Ƙarshen Maris da Afrilu sun fi sauƙi ga mai son haɗa yankuna. A kuma duba ranar Tet, bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Mutane na komawa garuruwansu, ƙananan gidajen abinci na rufewa kwanaki, kujerar jirgi ta yi wuya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na abinci. Mutum ya yi doguwar tafiya ta Doha ko Istanbul, ya sauka a babban otal, sannan safe da dare a nan yake ci. Ba a raina otal irin Metropole na Hanoi, wanda aka buɗe a 1901, ko don maɓoyar bom ta zamanin yaƙi da aka sake ganowa a harabarsa a 2011. Amma girkin Biyetnam na gaskiya yana hannun masu sayar da abu ɗaya tak, a ƙananan shaguna da bakin titi, inda ake zama kan 'yar kujerar roba. Mafita ita ce a ɗauki jagora na musamman wanda ya san unguwa, ya kai ka inda mutanen gari ke layi.

Ga Musulmi kuma akwai wani kuskuren da ya fi wannan nauyi, wato ɗaukar cewa ido zai gane naman alade. Ba zai gane ba. Bun cha na Hanoi gasasshen alade ne, haka com tam na kudu, haka taliyar cao lau ta Hoi An. Burodin banh mi, wanda suka gada daga Faransawa, ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade tun kafin a tambaye ka me za a saka. Bun bo Hue, da ake gabatarwa a matsayin miyar naman sa, galibi da ƙafar alade da daskararren jininsa ake dafa ta. Wasu ma da kitsensa suke suya. Pho, fitacciyar miyar taliyar shinkafa, da ƙashin sa ko kaza ake yinta, sai dai batun yanka yana nan. Wasu da suka gane haka sai su koma shinkafa da ƙwai har su dawo gida, wanda shi ma asara ce. Akwai cha ca na Hanoi, kifi da ake soyawa a gabanka da kurkur da ganyaye. Akwai jatan lande da kaguwa a duk gaɓar teku. Akwai gidajen abinci masu alamar "chay", girkin mabiya addinin Buddha marar nama, kuma na Hue sun yi suna. A Ho Chi Minh gidajen abincin halal sun taru a titin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, da kewayen babban masallacin titin Dong Du da Musulman Indiya suka gina a 1935. A Hanoi masallacin Al-Noor yana titin Hang Luoc. Ka sa jagora ya rubuta maka a takarda cewa ba ka cin alade, ba ka cin kitsensa, ba ka cin romonsa, kuma ya sa sunayensa biyu, domin a arewa "lợn" suke cewa, a kudu "heo".

A ɓangaren tarihi, baƙi da yawa yaƙin Amurka kaɗai suka sani. Su shiga ramukan Cu Chi da mayaƙa suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, su ga fadar shugaban Biyetnam ta Kudu a birnin Ho Chi Minh da tankokin yaƙi suka fasa ƙofarta ranar 30 ga Afrilu 1975, shi ke nan. Wuraren sun cancanci ziyara, amma ƙasar ta girmi wannan yaƙin nesa ba kusa ba. Haikalin Van Mieu na Hanoi tun 1070 yake, kuma a can akwai allunan dutse 82 masu sunayen waɗanda suka ci jarrabawar zama ma'aikatan sarki. Hue ita ce fadar sarakunan Nguyen daga 1802 har Bao Dai, na ƙarshensu, ya sauka a 1945. Ana yawan ba ta rabin yini a kan hanyar zuwa Hoi An, alhali kaburburan sarakuna kaɗai sun isa yini guda. Ka kwatanta na Tu Duc, mai tafki da lambu, da na Khai Dinh, wanda aka yi da siminti aka ƙawata da fasassun tangaran da gilashi, za ka ga yadda tasirin Faransa ya shiga har cikin fada. Kusa da Hoi An akwai kufan My Son na mutanen Cham, waɗanda wasu jikokinsu a yau Musulmi ne a yankin Chau Doc. Duk wannan ba ya buɗuwa sai da jagora mai ilimi. Da za a rage kuɗin ɗaki a ƙara a nasa, da ya fi.

Ha Long ma ana cutar kai da ita. Zuwa da dawowa a yini ɗaya daga Hanoi na nufin awanni a mota, sannan a bi sahun jiragen ruwa da yawa zuwa kogo ɗaya. Gara kwana biyu a ƙaramin jirgi da ke ratsawa ta Lan Ha da ke maƙwabtaka da ita, inda cunkoso ya ragu. Kafin ka biya, tambayi yawan ɗakunan jirgin da hanyar da zai bi, kada hoton gado ya ruɗe ka.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Kada ka kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake kafa turare ga mamata. Haikali ba a shigarsa da gajeren wando. Hubbaren tsohon shugaban ƙasar, Ho Chi Minh, da ke Hanoi da safe kawai ake buɗewa, ban da Litinin da Juma'a. Takardun kuɗinsu na dong 20,000 da 500,000 duk shuɗaye ne, da dare suna rikita baƙo, don haka a raba musu aljihu. Biza kuma tun Agustan 2023 ana neman ta ta intanet, har ta kwana 90. Ka nema a shafin gwamnati, ka tabbata sunanka ya fito daidai yadda yake a fasfo, kuma kada ka biya kuɗin otal ko jirgin ruwa da ba a mayarwa sai bizar ta zo hannunka.