Ta ina za ka fara karanta littattafan Star Wars?

A hutun lakwal na bara ɗan yayata ya shigo gidana a Bukoki riƙe da littafi, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, an sayar mini da jabu. A nan sun ce Chewbacca ya mutu, wai wata ya faɗo kan duniyar da yake, alhali na gan shi da ransa a fim ɗin 2015." Na karɓa na juya bangon. Vecteur Prime ne na R. A. Salvatore, wanda ya fito da Ingilishi a 1999. Littafin na gaske ne, fim ɗin ma na gaske ne. Abin da yaron bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, shi ne labarin Star Wars ruwaya biyu ne.

Sai ka gane wannan kafin ka kashe ko dala. Tun 1978, lokacin da Alan Dean Foster ya fitar da Splinter of the Mind's Eye, marubuta suke ci gaba da labarin daga inda finafinai suka tsaya, a littattafan ƙagaggen labari da na zane, waɗanda muke kira bede a nan Yamai. Aka tara su fiye da shekara 35. A watan Oktoba na 2012 Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 4. Sabbin masu gida suna son yin finafinai ba tare da tsofaffin littattafai sun ɗaure musu hannu ba, don haka ranar 25 ga Afrilu 2014 aka ba da sanarwar cewa duk waɗancan sun koma gefe guda da sunan Legends, a bugun Faransanci Légendes. Abin da aka rubuta daga nan shi ne yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da finafinai. Ni ina kiransu tsohuwar ruwaya da sabuwar ruwaya. A tsohuwar, Luke ya auri Mara Jade, Leia da Han kuma ƴaƴansu uku: tagwaye Jacen da Jaina, sai Anakin. A sabuwar, ɗan Leia da Han guda ne, Ben, wanda ya zama Kylo Ren. Idan ka gauraya su, kanka zai ɗaure kamar na ɗan yayata.

Gane ruwayar littafi ba wuya. Dubi saman bango: in da wani zirin rubutu da ya ce Légendes ko Legends, magana ta ƙare. Sai dai yawancin abin da ke zuwa hannunmu a shimfiɗar masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, a kewayen Babbar Kasuwa, tsohon bugu ne da ya riga sanarwar, ba shi da zirin. To sai ka buɗe shafin da aka rubuta shekarar bugu. Duk wanda ya fito kafin 2014, ɗauke shi a tsohuwar ruwaya. In ka ga tambarin kamfanin buga littattafai na Fleuve Noir, tsoho ne. Pocket kuwa ya buga duka biyun, shi ne ke buƙatar duba. A bede ma haka: kamfanin Dark Horse na Amurka ya riƙe aikin daga 1991 zuwa 2014, Delcourt ke fitar da shi da Faransanci, daga Janairu 2015 aikin ya koma hannun Marvel, Panini ke fassarawa. Akwai ɗaya da ya fita daban, labarin Dark Maul mai suna Son of Dathomir na 2014: Dark Horse ne ya buga shi amma a sabuwar ruwaya ake ƙirga shi.

Yanzu ta ina za a fara? Kada ka ce sai ka bi jerin shekarun cikin labarin daga tushe. A shafukan farko na yawancin littattafan akwai jadawalin zamani, ana ƙirga shekaru kafin yaƙin Yavin ko bayansa, wato yaƙin da ya rufe fim ɗin 1977. Jadawalin na da amfani don sanin inda littafin da ke hannunka ya faɗa. Amma wanda ya mai da shi manhajar karatu zai ɓata wata da watanni cikin mutanen da suka rayu dubban shekaru kafin Luke, bai san kowa ba, ya gaji ya ajiye. Na ga haka ga abokai biyu a fadarmu.

Shawarata ga wanda ya kalli tsofaffin finafinai uku ita ce ya nemi L'Héritier de l'Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito da Ingilishi a 1991. Biyu na biye da shi, La Bataille des Jedi da L'Ultime Commandement, na 1992 da 1993. Labarin ya tashi shekara 5 bayan faɗuwar Sarki Palpatine. Mutanen da ka sani duk suna nan, sun girma, nauyin mulki ya hau kansu, Leia na da juna biyu. Abin da ya sa nake miƙa wa kowa shi kafin sauran shi ne abokin gabar. Babban Amiral Thrawn ba ya riƙe takobin haske, ba ya shaƙe mutane da ikon ɓoye. Zama yake ya ƙura wa zane-zane da sassaƙar wata al'umma ido, daga nan ya gane yadda suke tunani da inda za su karye a fagen daga. Na fara karanta shi ina ɗalibi, a ƙarƙashin fitilar titi saboda kuran ya ɗauke, kuma har yau in na tuna yadda mataimakinsa Pellaeon yake tsaye yana ƙoƙarin bin lissafin ubangidansa, sai in ji kamar almajiri ne gaban malamin da ya yi masa nisa. A littafin nan ne Mara Jade ta fara bayyana, a nan kuma aka raɗa wa babban birnin daular suna Coruscant, sunan da Lucas ya ɗauka ya sa a fim ɗin 1999. Thrawn kansa ya yi farin jinin da sai da aka dawo da shi cikin sabuwar ruwaya, a shirin katun na talabijin mai suna Rebels a 2016, Zahn ya sake rubuta masa wani littafi a 2017. Lura da wannan: Thrawn na 2017 daban yake da ukun farko, kada ka ɗauka na huɗunsu ne.

In kuwa finafinan Disney ne suka shigo da kai, fara da Étoiles perdues na Claudia Gray, na 2015. Littafi ɗaya ne tilo, ba jira, ba neman kashi na biyu. Yara biyu ne, Ciena da Thane, suka tashi tare a wata duniya ta bayan gari, suka shiga makarantar sojan daula, daga baya ɗaya ya tsallaka wurin ƴan tawaye ɗaya ta tsaya kan rantsuwarta. Matata, wadda littattafan soyayya na Kano ne abincinta, ta cinye shi cikin kwana huɗu, kuma ba ta taɓa kallon ko fim ɗaya ba. Wanda ke son sabon fili gaba ɗaya ya nemi La Lumière des Jedi na Charles Soule, na 2021, wanda ya buɗe zamanin da ya riga haihuwar Anakin Skywalker, mahaifin Luke, da wajen shekara 200.

Jerin da ɗan yayata ya faɗa ciki, Le Nouvel Ordre Jedi, littafi 19 ne da Ingilishi, daga 1999 zuwa 2003. Akwai azabtarwa da mutuwa da yawa a ciki, kuma haɗa 19 ɗin a Yamai aiki ne na shekaru. Bar shi sai ka ƙoshi da Zahn.

Ga yaro ɗan kolej da Faransancinsa bai nuna ba, bede ya fi. Littattafan labari cike suke da passé simple da sunayen injinan jirgi, hoto kuwa yana ɗaukar rabin nauyin. Wanda na fi so shi ne Dark Vador na Kieron Gillen da mai zane Salvador Larroca, fitowa 25 daga 2015, tsakanin fim ɗin 1977 da na 1980. Vador ya sha kunya bayan an tarwatsa Tauraron Mutuwa, katafariyar tashar yaƙin daular, ubangidansa ya rage masa matsayi, shi kuma yana bincike a ɓoye don sanin wane ne yaron da ya yi harbin. A nan Dakta Aphra ta fara fitowa. Abu biyu ne ke rikita masu saye. Na farko, jerin da ke ɗauke da sunan Vador sun kai uku: na Gillen a 2015, na Soule a 2017, na Greg Pak a 2020, kowanne kuma da nasa kundi na 1. Sunan marubuci za ka duba, ba lamba kaɗai ba. Na biyu, tsakanin kundi na 2 da na 3 na Gillen akwai wani labari da aka ware a kundi daban, Vador abattu. In ka tsallake shi za ka ga Aphra ta ɓace daga labarin ba ka san dalili ba.

Sunaye ma suna canzawa da harshe. Wanda ya samo littattafansa daga Kano ko Abuja zai ga Darth Vader, na Faransanci Dark Vador. A tsofaffin bugu Han yakan zama Yan Solo, C-3PO kuma Z-6PO. Mutum ɗaya ne.

Wajen saye, kada kunya ta hana ka tsugunnawa ka duba. Buɗe ƙarshen littafin tukuna, ka tabbata shafi na ƙarshe yana nan, sannan ka bi lambobin shafi a tsakiya inda gam ke saki. Na taɓa sayen kashi na uku na Zahn wurin wani mai shimfiɗa, sai da na kai dare na biyar ina karatu na tarar shafi goma sha shida na ƙarshe babu. Wata bakwai na yi kafin wani ɗan'uwa da ya dawo daga Kwatano ya kawo mini cikakke, kuma ciwon wannan jiran bai bar ni ba. In littafi cikin jeri yake, tambayi mai shimfiɗar ko sauran na cikin buhunsa, don sau da yawa gida ɗaya suka fito. Ka bar masa sunan marubucin a rubuce a takarda. Su ne ke yawo, za su tuna da kai. In kana da mai zuwa daga Faransa, tura masa hoton bangon ta WhatsApp, kada ka ce kawai "littafin Star Wars", don zai kawo maka na 14 a jerin da ba ka fara ba.

Sai adana. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da gam ɗin ƙananan littattafan aljihu har shafuka su riƙa zubewa, saboda haka kada ka bar su a akwatin moto ko bakin taga, kuma kada ka naɗe bango baya kana karatu. Nawa suna cikin akwatin ƙarfe da na ɗora kan bulo huɗu saboda gara, kowanne na yi masa riga da takardar buhun siminti. Bede kuwa a kwance nake jera su, don a tsaye takardarsu lanƙwashewa take. Ina da kaye guda da nake rubuta sunan duk wanda ya ara da ranar da ya ɗauka, kuma ba na ba da kashi na biyu sai na farko ya dawo.

Ɗan yayata ya bar mini Vecteur Prime a akwatin, ya tafi da L'Héritier de l'Empire. Bayan sati biyu ya dawo da shi a cikin leda, ya gaishe ni, ya zauna bakin tabarma ana zuba shayi na biyu, ya ce, "Kawu, wai Mara Jade ɗin nan me Luke ya yi mata take son kashe shi?" Na buɗe kaye na soke sunansa, na sake rubuta shi a layin ƙasa, na miƙa masa La Bataille des Jedi.