Yadda Za Ka Gane Zamanin Mutum-mutumin Romawa Kafin Ka Karanta Allo

Idan ka tsaya gaban kan mutum da aka sassaƙa da dutsen marmara a gidan tarihi, kada ka yi gaggawar karanta allon da ke ƙarƙashinsa. Fara da gemu. Ni kullum daga nan nake farawa, don shi ya fi saurin tona asiri. Sarakunan Roma na farko, daga Agustas zuwa Tarajan, galibi a aske suke ƙwal. Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa 138 Miladiyya, shi ya shigo da cikakken gemu irin na malaman Girka, magadansa kuma suka bi sahu. In ka ga gemu mai kauri a nannaɗe kamar na Sarki Markus Oreliyas, to kana cikin ƙarni na 2.

Sai ka matsa kusa ka leƙa idon. Idan a shafe yake sumul, mai yiwuwa aikin ya girmi Hadiriyan, domin a da fenti ake zana ƙwayar ido da shi, fentin kuma ya goge. Daga wajen shekara ta 130 aka soma huda ƙwayar a jikin dutsen. Wannan ɗan ramin shi ke sa ka ji kamar mutumin na kallon wani abu a bayanka.

Fatar fuska ce ta fi ɗaukar hankalina. Dattawan majalisar Roma na ƙarni na 1 kafin Miladiyya sun so a nuna tamojinsu, da sanƙo, da kumatun da suka zube, saboda tsufa a wurinsu shaidar daraja ce. Agustas ya juya wa wannan baya. Ya rasu yana da shekara 75, amma duk inda ka gan shi saurayi ne. Dubi mutum-mutuminsa da aka tono a Prima Porta, kusa da birnin Roma, a 1863, wanda ke gidan tarihin Batikan yanzu: gashin goshinsa ya rabu kamar bakin ƙaguwa, kuma da wannan tsagar ake gane shi. Saboda haka kada ka tambayi fuska ko haka mai ita yake. Tambaye ta me yake so talakawansa su gani. Sarki Karakalla ya so a ji tsoronsa, shi ya sa ya murtuƙe fuska, ya juya wuya.

Na Girkawa kuwa, yawancin abin da za ka gani kwafi ne da Romawa suka yi, don na asalin na tagulla ne, an narkar da su.

A ƙarshe ka zagaya ta baya. Hanci sau da yawa sabo ne, ka nemi layin haɗi. In kuma kan ya yi wa wuya ƙanƙanta, kunnuwa sun yi fato-fato, wataƙila an sake sassaƙa shi ne. Bayan faɗuwar Sarki Niro a shekara ta 68, an mayar da wasu kawunansa fuskar Sarki Besfasiyan, kuma a ƙeya za ka iya tarar da ragowar dogon gashin Niro da masassaƙin ya bari.