Yadda Mai Jego Za Ta Dawo Da Ƙarfin Jikinta Da Taimakon Ɗan Littafin Rubutu

Da zarar an watse daga taron suna, an mayar da tabarmin aro, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, sai mai jego ta wayi gari daga ita sai jaririnta da wani jiki da take ji kamar ba nata ba. Ciki ya saki, ƙugu yana ciwo, barci rabi da rabi, atishawa ɗaya sai fitsari ya ɗigo. Duk wanda ya shigo, lafiyar jariri yake tambaya. In ta buɗe waya kuma sai ta ci karo da masu tallar shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki, suna rantsuwa cewa cikin sati biyu komai zai koma yadda yake.

Hanyar da zan bayyana ta fi tasu tsawo, kuma kayan aikinta littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta da biro. Abin da ake nema shi ne ƙarfi: ki hau bene ba haki, ki ɗaga bokitin ruwa bayanki bai amsa ba, ki yi dariya ba sai kin matse ƙafa ba. Raguwar ƙiba, in za ta zo, daga baya take biyowa. Littafin shi zai riƙe miki lissafi, domin wadda take farkawa sau huɗu cikin dare ba za ta iya tuna yadda ta kwana shekaranjiya ba.

Mataki na farko: buɗe littafin tun kina cikin jego

Kullum layi huɗu kawai za ki rubuta: barci, motsi, abinci, da yadda zuciyarki take. Ga yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa:

"Talata. Ya farka sau huɗu, na samu barcin rana kaɗan. Na zaga tsakar gida minti goma, ƙugu ya ɗan riƙe ta hagu. Tuwon dawa da miyar zogale, ƙwai ɗaya. Da la'asar na yi kuka, ban san dalili ba."

Shi ke nan. Ba a neman iya tsara magana, ba malamin da zai duba. In ajami ya fi miki sauƙi a kan boko, yi da ajami. In hannu biyu duk suna riƙe da jariri, ɗauki muryarki a waya, kya kwafe daga baya.

Ki ɗaura rubutun a jikin wani abu da ba ya wuce ki a rana. Tun da ba kya salla a kwanakin jinin biƙi, shayarwar farko ta safe ta fi dacewa. Bayan kin yi tsarki kina iya mayar da shi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Sannan ki nema masa ma'ajiya, ƙasan akwati ko cikin jakar asibiti. Wadda ta san za a karanta abin da ta rubuta, "lafiya lau" za ta riƙa rubutawa kullum, kuma littafin da ke cike da "lafiya lau" ba shi da amfani.

Layi na huɗu shi mata suka fi tsallakewa, ni kuwa shi na fi ba muhimmanci. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya wallafa wani gwaji a 1986 inda aka sa ɗalibai su rubuta abin da ke damun ransu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka yi haka sun rage zuwa ganin likita a watannin da suka biyo baya. Rubutu ba zai maye gurbin magani ba, amma damuwar da aka sa wa suna a takarda ta fi sauƙin ɗauka.

Mataki na biyu: makonni shida na farko na warkewa ne

A wannan lokaci babu tsalle, babu ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi, musamman in aiki aka yi miki. Zagayen ɗaki da na tsakar gida ya isa, kuma yana da amfani domin yana sa jini ya gudana a ƙafafu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a rana ta 3, tsakanin rana ta 7 da ta 14, sai kuma a mako na 6. Mata da yawa jariri kawai suke miƙawa a auna, su dawo gida ba wanda ya ɗaura musu abin awon jini a hannu. Ki buɗe baki ki ce a duba ki.

A shafin farko na littafin, da manyan baƙi, rubuta alamomin da ba a kwana da su a gida: jini mai zuba da yawa ko mai wari, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, ciwo da kumburi a ƙafa ɗaya, da numfashi sama-sama, musamman in kin kwanta. Wannan shafin kam, ki nuna wa maigida da wadda ta zo zaman jego.

Dole mu tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa a makonnin bayan haihuwa. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki ya tara ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da take neman hutu. Alamar gazawar zuciyar ita ce haki, kumburin ƙafa, da tari cikin dare.

Wannan ba ya nufin ki yi fito-na-fito da kakarki ko surukarki. Hutun kwana arba'in da suke tilasta miki, da girkin da suke ɗauke miki, alheri ne da matan wasu ƙasashe suke nema ba sa samu. Sirka ruwan kawai ake so har hannu ya iya jurewa, a kuma rage kanwa sosai, ko a koma kunun gyaɗa. Yadda za ki faɗa shi ne rabin aikin. "Inna, ruwan nan a ɗan sirka mini, likita ya ce jinina ya hau" ya fi shiga kunne a kan "wannan ai al'adar da ce". In kuwa da gaske kina da hawan jini, kanwa ta fita daga lissafi gaba ɗaya.

Mataki na uku: fara daga ciki

Akwai wasu tsokoki a ƙasan mara da suke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki da naƙuda suna sa su saki, shi ya sa fitsari ke ɗigowa. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana hanyar ƙarfafa su a 1948, har yau da sunansa ake kiran wannan motsa jiki. Ki kwanta ko ki zauna, ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa lokaci guda, ki ja sama, ki ƙirga zuwa biyar kina numfashi, sannan ki saki gaba ɗaya ki ƙirga biyar. Sau goma, sau uku a rana. In ya yi sauƙi ki kai ƙirgen zuwa goma. Kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisayenki. Ba wanda zai san kina yi, ko a gaban baƙi. Sakamakon yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, don haka ki riƙa sa alama a littafi duk ranar da fitsari ya kuɓuce. Raguwar alamomin ita za ta nuna miki ana tafiya.

Kafin ki taɓa atisayen tumbi, ki gwada wannan. Kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Sa yatsu a kwance a saman cibiya, ki ɗaga kai kaɗan kamar za ki leƙa ƙafarki. Za ki ji gefen tsokoki biyu sun matso yatsun daga dama da hagu, da wani rami mai taushi a tsakani. Yatsu nawa suka shige? Rubuta. In ramin ya wuce faɗin yatsu biyu bayan wata biyu da haihuwa, ko kika ga tsakiyar cikin yana tasowa kamar kunyar dankali in kin yunƙura, to tsokar cikin ba ta gama haɗewa ba. Atisayen nan na kwanciya ana tashi zaune zai ƙara ɓata ta. Ki nemi a haɗa ki da likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Kafin nan, in za ki tashi daga gado ki fara juyawa gefe, ki dogara da hannu.

Ɗamara tana iya sa ki ji daɗin zama, amma ba ta ƙona kitse, ba ta kuma gina tsoka.

Mataki na huɗu: tafiya, da katin rigakafi a matsayin kalanda

Bayan an duba ki a mako na 6 an ce ba matsala, sai a fara da gaske. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mai ciki da wadda ta haihu su samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti goma da safe, goma da hantsi, goma da yamma duk lissafi ne. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya hira a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Kada ki fara da 150. Katin rigakafin jaririnki yana da ranaku a shirye: mako na 6, na 10, na 14, sai wata 9. Ki mayar da su zangonki. Zuwa mako na 10, tafiyar minti goma kullum. Zuwa na 14, minti ashirin, ki ƙara da tashi-zauna daga kujera sau goma da tura bango da hannu sau goma. Zuwa allurar ƙyanda ta wata 9, cikakken minti 150 da atisayen ƙarfi sau biyu a mako. Kowace ranar rigakafi, kina zaune a layi, ki buɗe littafin ki ga ko kin kai.

Wadda ba ta fita ba ta rasa hanya ba. Zagayen tsakar gida da goyo a baya tafiya ce mai nauyi. Shara, daka, da jan ruwa a rijiya duk motsi ne, sai dai ki kula: in za ki ɗauki abu daga ƙasa, durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da ƙugu. Mai fita kuma ta zaɓi lokaci. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, tafiyar rana tsaka wahala ce kawai, sai sassafe ko bayan la'asar. Da hunturu kuma ƙura ce abin gudu, musamman ga jariri. Ki shayar kafin ki fara don ƙirji ya yi sauƙi, ki sa rigar mama mai riƙewa sosai, ki ajiye ruwa kusa. Motsa jiki matsakaici ba ya ƙafar da nono.

In jini ya dawo ja bayan ya ɗauke, ko kika ji wani nauyi yana saukowa ta gaba, tsaya, ki je a duba.

Mataki na biyar: ci don ƙarfi

Mai shayarwa ba ta yin yunwa da gangan. Nono zalla har wata 6 shi ne shawarar likitoci, kuma daga jikinki ake ɗebo shi. In ƙiba za ta sauka, kamar rabin kilo a mako ya isa. Abin ragewa shi ne lemon kwalba, sukarin shayi da yawan soye-soye. Abin ƙarawa kuma wake, ƙwai, kifi, hanta, gyaɗa, zogale, alayyahu, da 'ya'yan itace irin su gwaiba da lemon zaƙi, waɗanda ke taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, daga abinci. Shayi kuwa yana rage zuƙar sinadarin, don haka ki ba da tazarar awa guda tsakaninsa da cin abinci. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, kuma gajiyar da ake kira lalaci sau da yawa shi ne. In an ba ki ƙwayoyin ƙarin jini bayan haihuwa, ki shanye su.

Shayin rage tumbi da ake tallarsa, galibi gudawa ko yawan fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, kuma ba ki san abin da ke wucewa cikin nono ba.

Mataki na shida: karanta abin da kika rubuta

Kowace Juma'a ki koma baya ki karanta mako guda. A nan littafin yake biyan kuɗinsa. Za ki ga cewa ranakun da ciwon ƙugu ya tashi su ne ranakun wanki a sunkuye, ko cewa faɗan da kike yi wa yara manya yana biyo daren da ba ki yi barci ba. Daga nan sai ki zaɓi abu ɗaya tak da za ki gyara a mako mai zuwa, ki rubuta shi a saman sabon shafi. In kwana uku suka wuce ba ki rubuta komai ba, kada ki zauna cike gurbi. Sa kwanan watan yau ki ci gaba.

Ki sa ido sosai a kan layi na huɗu. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko abu ne da mata da yawa ke fuskanta, kuma yakan wuce cikin sati biyu. Amma in shafi bayan shafi baƙin ciki ne har ya haura sati biyu, ba kya jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko da jariri yana barci, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi a ranar, ki je asibiti. In bakinki ya yi nauyi a gaban likita, miƙa masa littafin ya karanta.

A ziyarar asibiti ta mako na 6 ɗin nan ki tayar da maganar tazarar haihuwa, in da hali tare da maigida. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. Shayarwa kaɗai tana ba da kariya ne in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya sauya, ki rubuta kwanan watan, ki koma wurin ma'aikaciyar lafiya a cikin makon.