Yadda Ake Kiwon Ƙoƙi-ƙoƙi Har Ya Hayayyafa

Mai farawa ya nemi nau'i mai juriya irin Hierodula membranacea na Asiya. Hymenopus coronatus, mai kama da fure, wanda asalinsa dazuzzukan Malesiya da Indunusiya ne, ya fi kyau amma ya fi wahala. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Da farko a tanadi mazubi, kowane ƙwaro da nasa, domin suna cin junansu. Tsayin mazubin ya ninka tsawon jikinsa sau 3, faɗinsa sau 2. A rufe saman da raga, a shimfiɗa tishu a ƙasa, a jingina ɗan reshe. Ɗumin wurin ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28.

Abinci sai mai rai. 'Ya'yan suna cin ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, manya kuwa ƙudajen gida, duk bayan kwana 2 ko 3. Ruwa kuma feshi ake yi a jikin mazubin, su sha ɗigon. In ya yi yawa babu iska, fumfuna za ta kama wurin.

Lokacin saɓa ne aka fi yin asara. Za a ga ƙwaron ya ƙi abinci, ya rataye a raga kai a ƙasa, ko motsi ba ya yi. A kwashe ragowar abincin nan take, musamman gyare, don yakan cije shi jiki na laushi. In iska ta bushe, tsohuwar fatar takan maƙale a ƙafafu su lanƙwashe; in mazubi ya gaza tsayi, sai ya taɓo ƙasa kafin ya gama fita. Kada a taɓa shi sai an kwana ɗaya aƙalla.

Ana gane jinsi ta ƙasan ciki: namiji gaɓa 8, mace 6. Bayan mako 3 da saɓar ƙarshe, a ƙosar da macen sosai, a miƙa mata ƙwaro tana ci, sannan a ajiye namijin ta bayanta. Barbarar kan ɗauki sa'o'i. Suna rabuwa a ɗauke shi, in ba haka ba ta cinye shi.

Takan zuba ƙwai cikin kumfa mai daskarewa. A rataye kumfar a saman wani mazubi, ana ɗan fesa gefensa. Cikin mako 6 zuwa 8 'ya'ya fiye da 100 na iya fitowa, don haka a tanadi ƙudajensu tun kafin ranar.