Yadda ake riƙe tilawar kullum bayan azumi ya wuce

Da azumi mutum kan karanta izu biyu a rana, ya sauke Alƙur'ani kafin salla. Shawwal na kamawa sai mushafi ya koma kan kanta. Yawanci nauyin da aka ɗauka ne ya yi yawa: izu biyu shafi ashirin ne, kuma ɗan kasuwa ko uwar da ke shirya yara makaranta da wuya su ɗore a kan haka.

Ka fara da rage awon. Mushafi bugun Madina shafi 604 ne, wato mai karanta shafi biyu kullum zai sauke a cikin wata goma. Wanda ya taso a makarantar allo ya ɗauki sumuni ɗaya: izu sittin, kowane izu sumuni takwas, 480 ke nan, kusan shekara ɗaya da wata huɗu. Kada ka raina. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Sai ka haɗa karatun da salla guda, wadda ba ka cika gaggawar tashi bayanta ba. A ganina Asuba ta fi, domin alwala na nan, gida shiru, ba wanda ya fara neman ka. In kana sammakon fita, tsakanin Magariba da Isha'i ya isa. Abin da ake so shi ne ka daina tambayar kanka yaushe za ka karanta. Ka idar, ka yi azkar, ka buɗe.

Mushafin ya zauna kusa da dardumarka, da alama a inda ka tsaya. Mai karatu a waya ya kashe data tukuna, in ba haka ba WhatsApp zai cinye lokacin.

Ranar da ta kuɓuce maka saboda tafiya ko jinya, kada ka ce gobe za ka ninka. Bashin da ake tarawa shi ke sa a watsar gaba ɗaya. Ɗora daga inda ka tsaya, da awon da ka saba.

In wata guda ya cika kana yi ba tare da ka tilasta wa kanka ba, ƙara shafi ɗaya bayan wata sallar, kamar La'asar, ka sake ba shi wata guda kafin wani ƙarin.