Yadda ake neman la'ada a intanet bayan an tashi daga aiki

Dillanci ne dai irin wanda muka sani a kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago: kaya na wani, kuɗi na wani, kai kuma ka haɗa su ka karɓi la'adarka. A intanet, kamfani zai ba ka likau, wato adireshin da ake dannawa a shiga shafinsa, mai ɗauke da lambarka, duk wanda ya bi ta kansa ya sayi kaya sai a rubuta maka wani kaso. Amazon ya buɗe irin wannan tsari tun 1996. Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a nan Legas a 2012, su ma sun bi sahu, haka Selar mai sayar da littattafai da darussa ta intanet.

Ni yaron shago ne a Computer Village ta Ikeja, kayan waya muke sayarwa, a Agege nake kwana. Bayan sallar isha'i nake wannan aiki, kuma abin da zan faɗa na mai wata sana'a ne da rana, wanda ba ya da kuɗin biyan talla.

Tun kafin a je ko'ina, ka bambance dillanci da wata harkar da ke aron sunansa. In aka ce ka biya kuɗin rajista sannan ribarka ta dogara ga mutum nawa ka kawo su ma suka biya, babu kaya a ciki, kai ne kayan. Waɗanda suka ga yadda MMM, tsarin zuba kuɗi na damfara, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ba sa bukatar dogon bayani. Shiga tsarin dillancin manyan shagunan intanet kyauta ne.

Shafi za ka buɗe a intanet, ka riƙa rubutu a kan kaya kana sa likau ɗinka a ciki. Zaɓen abin da za ka yi rubutu a kai shi ne rabin aikin. Kada ka ce za ka yi "kayan lantarki" ko "waya" gaba ɗaya, kuma da Turanci, domin can akwai manyan shafuka masu ma'aikata da shekaru a gabanka. Ka ɗauki abu ɗaya ƙarami da hannunka ya saba taɓawa, ka rubuta shi da Hausa. Bahaushe a Kano da Sakkwato da Idi-Araba yana tambayar Google da harshensa, sau da yawa ba ya samun amsar kirki. Ni abin da ya shafi rashin wuta na ɗauka: pawa bank, fanka mai caji, ƙaramin sola mai ƙwan fitila uku ko huɗu. Mai gyaran keken ɗinki ya yi keken ɗinki, mai girki ta yi tukunyar gas da bilanda.

Shafin kansa ba abin tashin hankali ba ne. Blogger, dandalin buɗe shafi na Google, kyauta ne, ya isa a fara. In kana da ɗan abin hannu, ka sayi adireshi mai ƙarewa da .com.ng a wurin dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, ka ɗora WordPress, manhajar gina shafi. Ka zaɓi fasali mara nauyi, domin masu karatunka da waya suke shigowa, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Shafin da ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, mutum komawa baya zai yi.

Sai batun yadda Google zai fito da kai. Buɗe shafin bincike a wayarka, rubuta "yadda ake gane pawa bank", ka dakata. Abin da Google ya ƙarasa maka a ƙasa, abin da mutane suka saba nema ne. Ka rubuta su a takarda. Ka gangara ƙarshen shafin, akwai wasu ma. Sannan ka kasa kunne a wurin aikinka: tambayar da kwastoma ya yi maka da baki yau, wani zai rubuta ta a waya gobe. Kowace tambaya ɗaya, rubutu ɗaya. Taken ya ɗauki kalmomin tambayar yadda mutane ke faɗinta, kada ya wuce haruffa 60 sosai don kada a gutsure shi, amsar kuma ta zo a sakin layi na farko, ba bayan doguwar gaisuwa ba. Ka kuma tuna mutane ba sa sa ƙugiya a kan haruffa idan suna bincike, sunan kaya ma yadda yake a jikin kwali suke rubuta shi, don haka sunan samfuri ka bar shi yadda kamfani ya buga.

Ga misali. Mutum ya sayi pawa bank mai 20,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), wayarsa mai 5,000mAh ce, ya yi lissafin caji huɗu, sai ya ga sau uku ma da kyar. Ya dawo shago ransa a ɓace yana cewa, "Malam, jabu ka ba ni." Ba jabu ba ne. Batirin cikin pawa bank a kan bolt 3.7 ake ƙidaya shi, amma yana fitar da wuta a bolt 5, wani kaso kuma yana tafiya a zafi. Shi ya sa a bayan mai kyau za ka ga ƙaramin rubutu da ke nuna ainihin abin da yake bayarwa, wajen 12,000 zuwa 13,000. Na ɗauki hoton wannan rubutu da wayata a kan kantar shago, na kewaye lambar da jan layi, na yi bayanin lissafin da Hausa, sannan a ƙasa na sa likau na guda biyu da na yarda da su, tare da aibin kowanne: ɗaya nauyi ne da shi, ɗayan yana daɗewa kafin ya cika. Rubutu irin wannan shi ke kawo ciniki, domin mai karatu ya ga ka riƙe kayan a hannu.

Faɗin aibi ba asara ba ne. A addinance ma ɓoye aibin kaya ha'inci ne, a kasuwance kuma la'ada ba ta tabbata sai kayan sun isa hannun mai saye bai mayar ba. Wanda ka ruɗa ya yi odar biya-in-an-kawo, ɗan aike ya zo ya ce ya fasa, kai ma ka tashi a tutar babu. Ka rubuta a fili a saman shafi cewa kana samun la'ada in an saya ta likau ɗinka. Google ma tun 2019 ya fito da alamar rel="sponsored" da ake liƙa wa irin waɗannan likau, minti ɗaya ne aikin sa ta.

Ka karanta sharuɗɗan kowane kamfani da kanka. Kason la'ada ya bambanta da irin kaya, yawanci na waya ƙanƙane ne, na sutura ya fi tsoka. Akwai kuma wa'adi: a Amazon, in mutum ya danna likau ɗinka bai sa kaya a kwando cikin awa 24 ba, ka rasa, kuma sabon dillali sai ya kawo ciniki uku cikin kwana 180 kafin a tabbatar da shi. Ni ban ga amfanin Amazon ga mai rubutun Hausa ba, tunda masu karatunsa a nan gida suke saye kuma da naira ake so a biya ka ta asusun bankinka.

Jan hankali ɗaya game da na'urorin da ke rubuta wa mutum rubutu: kada ka cika shafi da su. A Maris 2024 Google ya tsaurara doka kan shafukan da ke zuba rubutu barkatai don kawai su hau sama, Hausar da suke fitarwa kuma mai karatu yana gane ta daga layin farko.

Lokaci fa? Rubutu ɗaya mai kyau a mako ya isa. Ni a cikin danfo nake ɗaukar muryata ina faɗin abin da zan rubuta, da dare in zauna in tsara. Sabon shafi yakan yi watanni kafin Google ya fara turo masa mutane, saboda haka kada ka ajiye aikinka, kada kuma ka ci bashi a kansa. Kafin nan ka riƙa sa rubutunka a sitatus na WhatsApp da zaurukan 'yan garinku.

Ka yi wa shafin rajista a Google Search Console tun ranar farko, kyauta ne. Zai nuna maka ainihin kalmomin da aka rubuta aka gan ka, da matsayin da kake. In ka ga wata tambaya da kake fitowa a shafi na biyu, koma kan wannan rubutun ka ƙara masa hoto da amsar da ta fi cika, ya fi maka sabon rubutu riba. Duk ƙarshen wata kuma ka danna tsofaffin likau ɗinka ɗaya bayan ɗaya, domin kaya suna ƙarewa a shago, farashi kuma ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. In dole sai ka rubuta farashi, sa watan da ka gan shi a gefensa.