Yadda ake laluben wuya don gano ƙarin da bai kamata a yi wa sakaci ba

Ƙullutu zai fito wa mutum a wuya, ya taɓa ya ji ba zafi, sai ya ce ai kaluluwa ce, za ta baje. Alhali wanda ba ya ciwon ne ya fi tayar wa ma'aikacin lafiya hankali.

Fara da madubi, inda akwai haske. Ka kurɓi ruwa, ka ɗan ɗaga haɓa, ka haɗiye kana kallo. Kumburin da ya hau ya sauka tare da haɗiya yawanci dangin maƙoƙo ne. Galibinsu ba sankara ba ne, amma a kai a duba.

Sai lalube, kuma nan ne kowa ke yin kuskure. Kada ka miƙar da wuya ya sandare, ka sunkuyar da kai kaɗan naman ya saki. Da cikin yatsu uku za ka bi, ba da farce ba: bayan kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙasan haɓa, gefen wuya daga sama har ƙasa, sannan ramin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa, wanda kusan kullum ake tsallakewa. Ni hannu biyu nake sa mutum ya yi amfani da su, don ya gwada dama da hagu, sai dai a hankali, ban da dannawa. Kaluluwar mura ko ta ciwon haƙori tana da taushi, tana zafi, tana zillewa a ƙarƙashin yatsa. Wanda ya yi tauri kamar tsakuwa, ya kafe wuri ɗaya, yana ƙara girma, shi ne abin gudu. Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwar wuya, don haka yatsa ba ya yanke hukunci.

Rubuta ranar da ka fara jin ƙullutun. Mako 3 ne iyaka: in bai baje ba, a tafi asibiti. Haka ma dishewar murya, wahalar haɗiya, gyambon baki da ya ƙi warkewa, jini a yawu, ramewa ba dalili, ciwon kunne ɗaya ko toshewar hanci ɓangare ɗaya. Mai shan sigari ko giya, da mai cusa taba gari a baki, kada ma ya jira. Yaron da muƙamuƙinsa ke kumbura cikin 'yan kwanaki, ko wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, a ranar za a tafi asibiti.

Na ga wani dattijo da ya shafe wata biyar tsakanin kemis da wanzami, har tsaga aka yi masa a wurin. Kuɗin da ya ƙare a kafso ya isa hoto da gwaji.

Nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a leƙa maƙogwaro da siririyar kyamara ta hanci, a yi sikanin, a zuƙo kaɗan daga ƙullutun da allura a kai gwaji. Tafi da takardar da ka rubuta ranar.